Darbejiya Uku a Gabas

A wani gari, an yi wani magidanci da ya gaji gida mai darbejiya uku a gabashinsa. Zafi na ta ƙaruwa kowace shekara, sai ya sayo faifan sola ya kafa a kan kwano, ya haɗa da fanka.

Da safe fanka ta ƙi juyawa, don inuwa ta rufe faifan. Ya ɗauko gatari.

Mahaifiyarsa ta ce, "Babanka bai dasa su a gabas don ado ba. Ta nan hadari ke tasowa."

Ya ce, "Inna, ai ɗaya ce kawai." Ya sare.

Fanka ta ɗan motsa. Ya ce, "Ɗaya ce kawai." Ya sare ta biyu. Da ya zo kan ta uku ya ce, "Inna, ai ɗaya ce kawai," kuma wannan karon gaskiya ya faɗa.

Damina ta faɗi. Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta zo ba ta tarar da mai tare ta ba. Ta ɗaga kwano da faifan, ta yi yamma da su.

Magidanci ya tsaya tsakar ɗaki baki buɗe, yana kallon sama inda rufi yake ɗazu. Maƙwabta suka taru suna salati. Fanka kuwa tana nan tsaye, iskar Allah na juya ta.

Inna ta leƙo, ta dubi fankar, ta ce, "Ba laifi, tana aiki. Gobe ka nemo mini dashe uku."