Kifayen da Teku Ya Bari a Baya

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin teku, akwai wata yarinya da take zaune da kakarta. Wata rana da hantsi teku ya janye can nesa, ya bar 'yan kifaye a wani kwarmin dutse. Rana ta yi zafi, ruwan ya kwanta shiru, kifayen suka taso sama suna buɗe baki.

Yarinya ta ce, "Kaka, yunwa suke ji?"

Kaka ta ce, "A'a, jikata, numfashi ne ya yi musu wuya. Ruwa ma daga sama yake shan iska. In igiyar ruwa ta fashe, iska ta shige shi. In ya tsaya ya ɗumama, sai ta fice. Sai la'asar teku zai dawo, in sun kai."

Yarinya ta kai hannu ta kama su, suka shige ƙarƙashin dutse. Sai ta ɗauko ƙwarya, ta ɗibi ruwan, ta ɗaga sama, ta zubo, kumfa ta tashi. Ta ɗiba, ta zuba.

Ƙawayenta suka zo suka ce, "Taso, ana kiɗa a dandali!"

Ta ce, "Ku je, ba yanzu ba."

Ta ɗiba, ta zuba. Kafaɗunta suka yi tsami, ba ta daina ba.

Da la'asar ruwa mai sanyi ya taɓa ƙafafunta. Teku ya dawo! Kifayen suka fito, suka bi ta tsakanin ƙafafunta suka wuce.

Ran nan ko loma ta kasa ɗagawa. Kaka ta jawo ta jikinta, ta riƙa ba ta tuwo a baki.