Minti Uku Kowane Zagaye

Ranar da labarin ya iso mata, tana tsugune a harabar ofishin 'yan kwana-kwana tana naɗe tiyo. Ƙanin mijinta ne ya kira. Ya ce Yaya ya faɗi a shago, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ta ajiye wayar, ta ƙarasa naɗe tiyon tsaf, sannan ta zauna a ƙasa.

Shekara goma sha ɗaya kafin nan, a filin motsa jiki ta fara ganin wanda zai zama mijinta. Tana durƙushe tana haki kamar ranta zai fita, shi kuma yana tsaye da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Sannu, Mai Garaje. Wa ya biyo ki?"

"Ina ruwanka?"

"Ruwana kaɗan ne. Zagayen farko kamar an harbo ki. Na huɗu kuwa da rarrafe kika gama."

Haushi ya sa ta faɗa masa komai. Aikin kashe gobara take nema, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya zagaya fili sau shida cikin minti goma sha huɗu. Sau biyu tana faɗuwa. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce.

Mai gyaran agogo ne, kullum da safe yake gudu kafin ya buɗe shago. Ya tsuguna ya yi lissafi da tsinke a ƙasa.

"Ranar gwaji, minti biyu da daƙiƙa ashirin kowane zagaye. Sau ɗaya a mako za mu riƙa yin wannan. Sauran ranaku minti uku."

"Minti uku? Ai ko kakata za ta wuce ni!"

"To ki zo da ita. Dokar ɗaya ce: ki yi gudu kina magana. In kin kasa ƙarasa zance, kin yi sauri, ki rage."

Haka suka fara. Tun tana ba shi amsa a gutsure har ta koma ba shi labarin gidansu kaf ba ta tsaya ba. Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo:

"Mai Garaje, yau kin yi zagaye takwas bakinki bai huta ba. Agogona biyu sun shaida. Gobe ina da magana, amma a hankali zan faɗa."

Ta rubuta masa: "Mai Agogo, in ka wuce minti uku ba zan saurara ba."

Goben ba ta zo musu yadda suka so ba. Gwaggonta ta hango su daga titi, ta kai wa Baba rahoto: "Gudu? Wane gudu? Hira suke suna dariya, kamar masu rakiyar amarya!" Baba ya hana ta fita. Dama yana da ɗan abokinsa a rai da yake so ta aura, wanda ya ce ta bar wahala, shi zai yi mata hanya.

"Baba, da ƙafata nake so in shiga aikin nan," ta ce. "Ka zo ka gani da idonka. In wasa muke, na haƙura da komai."

Ya zo kuwa, da doguwar riga da takalmin fita. Suna fara gudu, ya ji sun buɗe baki, sai ya tattare rigarsa ya bi su.

"Kai, yaro! Wannan ne... wannan shi ne... abin da..."

Numfashi ya ƙwace masa. Mai Agogo ya dawo kusa da shi cikin ladabi.

"Baba, ka rage sauri kaɗan, sai ka samu ka ƙarasa faɗan."

Baba ya rage. Faɗan ya fito tiryan-tiryan, tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama sai ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Wato hirar ce ma'aunin?"

"Ita ce, Baba."

"Mts. Ba ni agogo ɗaya."

Ranar gwaji, ana hura usur kowa ya tashi a guje. Ita ce ta ƙarshe a zagayen farko. Ƙafarta na roƙon ta sake ta, ta ƙi. A zagaye na huɗu ta fara wuce masu haki ɗaya bayan ɗaya. Tana taka layin ƙarshe ta jiyo muryar Baba daga bayan shinge, yana ɗaga agogo sama: "Sha uku da arba'in da takwas! 'Yata ce!"

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango ya ce, "Na ba ka ita da garajenta. Allah ya yi muku albarka, ya sa kada ɗayanku ya bar ɗaya a baya." Gwaggo ce ta fi kowa guɗa.

Shekara goma suka yi, da 'ya'ya biyu. Ya dai riga ta, amma ba shi ya zaɓa ba.

Da ta gama takaba ta koma filin. Agogonsa ya yi mata yawa, sai da ta ƙara huji a maɗaurin. Har yau kullum da safe tana gudu ita kaɗai, bakinta na motsi. Tana faɗa masa babba ta ci jarrabawa, ƙaramin ya fasa kofi, famfo ya sake ɗiga. Wani lokaci maganar takan sarƙe mata a wuya, ba ta san ko sauri ne ko kuka ba. Sai ta rage, ta ƙarasa zancen.