Yis Kawai Nake Iya Gyarawa

Neman yis ne ya kai Sumaiya ƙauyen Mawashi. 'Yar Kankia ce, sabuwar mai bincike a jami'a, aikinta sauya ƙwayar halittar yis ta ga yadda zai kasance. Tana tsugunne tana ɗiban kindirmon wata mai sayar da nono, Inna Adda, a 'yar kwalba, sai wani dogo ya tsaya a kanta.

"Malama, in yunwa ce ga ludayi."

Harisu ke nan, ɗan Inna, malamin firamare a Kusada. Ta yi dariya, shi ke nan.

Kafin shekara yana kiranta 'Yar Yis, tana kiransa Ardona, da yake ɗan makiyaya ne. Manya suka shiga magana. Tana dawowa daga zaman wata biyu a ɗakin bincike, Babanta ya ce sai an yi gwajin jini, don sikila ta kashe masa 'ya'ya biyu.

Takarda ta fito. Ita AS, shi AS.

"Na binne biyu, Sumaiya. Ba zan binne jika ba."

Da la'asar saƙon Harisu ya shigo: "'Yar Yis, ba ke ce mai gyaran halitta ba? Ki gyara tamu mana."

Ta rubuta masa: "Ardona, yis kawai nake iya gyarawa. Ka yafe mini."

Wata biyar ba kira. Ta rame. Ranar da gwajinta na yis ya yi nasara ta lalubo lambarsa, sai ta tuna, ta kifa kai a tebur ta yi ta kuka.

Kindirmon binciken ya ƙare, dole ta koma Mawashi. Inna tana zuba mata ba ta kalle ta ba.

"Yaron nan bai ji daɗin bana ba. Babur ya kayar da shi, aka ƙara masa jinin yayansa Haladu leda uku, bai gama warkewa ba kuma kika rabu da shi."

"Yaushe, Inna?"

"Sati biyu kafin gwajinku. Ya hana a gaya miki. A wurinmu namiji ba ya raki gaban wadda zai aura."

Kwalbar ta suɓuce mata. Ta san jinin da aka ƙara wa mutum yakan yi watanni a jikinsa, gwaji kuma ya karanta har da shi. Wataƙila Haladu ne AS.

A ƙofar aji ta tare shi.

"Ajiye allin nan, mu je asibiti a sake gwada jininka!"

AA. Baba ya ce a sake a Katsina. AA. Tsohon ya riƙe takardar yana hawaye.

"Ku sake turo manyanku," ya ce.

Ranar Asabar aka ɗaura aure. Da aka kai ta, ta ɗaga mayafi, idanu jajur.

"Wata biyar, Ardona. Saboda kunyarka."

"Na tuba, amaryata."

"Daga yau ko ƙaya ta soke ka, ni za ka fara gaya wa."

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya abin da za ku haifa."