Baƙuwar Bishiyar Gidan Mudi

Ana gab da kiran magariba, Asibi tana tuƙa tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo gefen murhu. Ta ɗauka. A jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe shi, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu.

Shekara biyu ke nan da ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu, aka ba mijinta Mudi fili kusa da Bebeji, ya koma kamun kifi. Filin fetal yake, babu inuwa. Wani Baturen aikin dam ya yanko masa reshen wata bishiyar ƙasarsu, mai rassa rawaya da ke zubowa ƙasa kamar gashin mace, ya ce ba ta son komai sai danshi. Mudi ya kafa reshen a bakin magudana. 'Yarsu Yalwa ce ke ba shi ruwa safe da yamma, har ya zama bishiya ta zarce katanga.

Daga ranar da dutsen nan ya faɗo, kullum rana ta yi ja sai jifa. Kaji suka daina kwana a gidan. Rassan bishiyar sukan yi ta kaɗawa ko iska ba ta motsi.

Ran kwana na bakwai aka tarar da Yalwa zaune a gindin bishiyar, zaninta sharkaf, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, da muryar tsohuwa.

Asibi ta ce wa mijinta, "Malam, wannan ba muryar 'yata ba ce."

Mudi ya miƙe. Ya ɗauki keke ya nufi Kiru, wurin Malam Abdussalami.

Malamin ya iso washegari da la'asar sakaliya. Ya shimfiɗa buzu, ya daɗe yana karatu, har Yalwa ta fara gurnani.

"Wace ce ke?"

"Mai tsamiyar bakin rijiyar tsohon ƙauye. Mudi ya san ta. An ba su fili, an ba su kwanon rufi. Mu wa ya tuna da mu? Shekara biyu ina yawo a kan ruwa, sai na hangi inuwa."

"Inuwar ba taki ba ce. Ki fita."

"A bar mini yarinyar. Ita ke shayar da ni."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yalwa ta ƙanƙame jikinta tana kuka.

"Tsaya, Malam! To a ba ni bishiyar. A kai ta bakin ruwa, inda zan riƙa hango gida. Mudi ya tone ta da hannunsa, kada ya tsinka saiwa ko ɗaya."

"Kin yi alkawarin ba za ki dawo ba?"

"Na yi."

Yalwa ta yi atishawa sau uku, ta ɓingire. Da ta farfaɗo, da muryarta ta kira uwarta.

Yini guda Mudi ya yi yana tono da yatsu. Aka ɗora bishiyar a amalanke, ya kai ta gaɓar Tiga, ya dasa ta shi kaɗai. Ya taka ƙasar, ya juya zai tafi, sai ya ji muryar tsohuwar a bayansa, a hankali.

"Sannu da aiki, Mudi. Mahaifinka yana nan ƙarƙashin ruwa, a kabarin da kuka bar shi. Ya ce yaushe za ka zo?"

Bai waiwaya ba. Tun daga ranar bai sake shiga kwalekwale ba.