Ɗakin da Aka Gina a Bakin Matmura

Ranar da aka mayar da Alhaji Nagoggo sabon ɗakinsa, magariba ta faɗi a Gadarif ta ƙasar Sudan kamar kowace magariba. Shanu sun shigo, hayaƙi ya kwanta a kan katangu, ladan ya gama kira. Hajja Zahra'u, matarsa da suka yi shekara hamsin da biyu da aure, tana durƙushe gaban murhu tana ɗaga kisira, siririyar wainar dawa. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon sabon ɗakin. Ta saurara. Na biyu ya biyo, na uku ya fi su nauyi. Daga ciki tsohon ya yi wani nishi mai tsawo, irin wanda ciwo ke fizgowa daga ƙasan ciki.

Ta ɗauki sanda ta zagaya katanga. Babu kowa a lungu. Da ta tsinci ɗaya daga abin da aka jefo, ba dutse ba ne. Curin baƙar ƙasa ne, da danshi, yana warin tsohuwar dawa. An fi wata biyu ba a ga ruwan sama ba.

Ciwon daji ne ya ci hantar Alhaji. Likita ya faɗa musu gaskiya, ya ce su kai shi gida, abin da ya rage makonni ne, a rage masa zafi kawai. Jikarsu Rasha, wadda yaƙi ya koro daga Hartum da jaka ɗaya, ta yi shekara huɗu tana jinyar irin waɗannan marasa lafiya a asibiti. Ita ta ce tsohon ɗakinsa ba wurin mutuwa ba ne: kusa da murhu, hayaƙi, zafi, ga ƙofa ƙanƙanuwa da sai an naɗe mutum kafin a fitar da shi.

Ita ta zana sabon a ƙasa da tsinke. Ƙofa mai faɗi, yadda gadon igiya zai fita da mai shi a kai. Taga ƙasa-ƙasa, don wanda ke kwance ya ga sama ba sai an ɗaga shi ba. Gado a dasa shi yadda in ya kwanta a damansa fuskarsa tana alƙibla. Daɓen siminti mai santsi saboda wanki. Wurin zaman mutum biyu kacal, domin in ji ta taron masu dubiya yana gajiyar da mai tafiya. Kuma nesa da hayaniya.

Wuri ɗaya ne a gidan ya cika duk wannan, ƙarƙashin darbejiya a kusurwar yamma. A nan kuwa tsohuwar matmura take, ramin ajiyar dawa da uban Alhaji ya haƙa, mai ƙunci a wuya, mai faɗi a ciki. An yi shekara talatin ba a zuba mata ko tsaba ba.

Hajja ta san ƙa'ida. Kowa a unguwar ya sani. Ramin da ya daɗe babu kowa ba a rufe shi sai an tsaya a bakinsa kwana uku ana sallama, ana cewa mai zama a ciki ya tattara ya fita. Daudu magini ma ya tuna mata.

"Kwana uku ba nawa ba ne da zan bayar," ta ce masa. "Ɗora katako ka zuba siminti."

Ya ɗora, ya zuba.

Jifan ya dawo washegari da magariba, ya dawo jibi. Daga kiran salla har duhu ya gama rufewa, kwanon yana ƙara kamar ana sussuka a kansa. Kowace ƙara sai jikin tsohon ya zabura, in ya zabura ciwon ya tashi, maganin da Rasha ke ɗiga masa a baki ya daina kamawa. Mutumin da ya noma riɗi a gonakin Simsim shekara arba'in ba a taɓa jin ya ce wash ba, ga shi yana cizon bargo.

A rana ta uku ya kama hannun matarsa. Yatsunsa kamar kara.

"Hajja, ba tafiyar nake tsoro ba. Ina so in tafi ina jin abin da bakina yake faɗa."

Ta gyara masa matashi, ta fita bayan ɗaki, ta tsaya ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba, amma ta daɗe a wurin.

A rana ta huɗu abin ya shigo ciki. Hajja ta kawo ruwan ɗumi ta tarar da Rasha kwance rub da ciki a kusurwar ƙafafun gado, kunnenta manne da daɓe, tana yaƙushin siminti. Faratanta biyu sun karye, jini ya zana layi. Mata uku suka taru ba su ɗaga ta ba. Idanunta a buɗe, ba ta san kowa ba. Yanzu babu mai sanin awon magani, babu mai juya tsohon yadda ba zai ji zafi ba.

Aka aika garin Basunda a ɗauko malami. Faki Uzairu ya iso washegari bayan la'asar a bayan motar buhuna, dattijo siriri mai ƙaramar murya. Ya dubi tsohon, ya dubi yarinyar, ya dubi daɓen. Sannan ya dubi Hajja.

"Me ke ƙasa?"

"Matmura."

"An yi sallama?"

Hajja Zahra'u ba ta saba sunkuyar da kai ba. Ta sunkuyar.

"Ba a yi ba. An tuna min, ni na hana."

Fakin ya zauna kusa da kan Rasha ya fara karatu a hankali, don kada ya tayar da mai ciwo. Rana tana ja da baya a taga. Tsuntsayen darbejiya suka yi shiru gaba ɗaya. Da ya kai tsakiyar sura, bayan yarinyar ya lanƙwashe, wata murya ta fito daga bakinta, ta mace, busasshiya, kamar mai magana daga cikin tulu.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me wannan yarinya ta yi miki?"

"Ita ta zana. Waccan ta rufe."

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To kin san zalunci. Ki fita."

"In fita in je ina? Uwata tana ƙasa. Ta tsufa, ta daina tashi, kwanakinta ƙalilan ne. Na kawo ta ramin nan don sanyi da shiru. Na fita neman abin da za ta sha, na dawo na tarar an liƙe ƙofa da ita a ciki. Kwana goma sha ɗaya ina jin ta, ban kai gare ta ba."

Fakin ya juya ga Hajja, ya rage murya.

"Ina iya ci gaba har ta bari dole. Amma za a yi ihu, za a yi ta fama, wataƙila kwana biyu. Yarinya za ta jure. Shi ban sani ba."

"Ku kwashe tsohonku ku rushe ɗakin," in ji muryar. "Sai in sake ta."

Hajja ta dubi gadon. Mutumin da ko zanin gado ba a canja masa sai da nishi, a ɗauke shi a mayar cikin hayaƙi? Ta matso, ta zauna a ƙasa gaban jikarta, ta miƙe ƙafafu kamar mai cinikin wake.

"Baiwar Allah, da ni za ki yi magana. Uwar taki tana haɗiye ruwa?"

Muryar ta yi ƙasa.

"Da ƙyar."

"Nawa ma haka. Hayaniya tana damunta?"

"Sosai."

"Kuma kike ruwan ƙasa a kan kwano kullum magariba? Ke wace irin mai jinya ce? Abin da ya hana nawa barci kina tsammani ita bai kai mata ba?"

Hajja ta sassauta murya.

"Na yi miki laifi, na faɗa gaban malami, ban taɓa faɗar haka gaban kowa ba. Ɗaki ba zai rushe ba, tsoho ba zai motsa ba. Ƙofa mai wane girma kike bukata?"

"Tafin hannu ya isa."

"Zan buɗe miki. Ke kuma ki ba ni shiru, ki ba ni jikata, ita ta san magani."

Faki Uzairu ya ɗaga yatsa. Ya ce ba yanka, ba turare, ba a ajiye mata komai. Ya sa ta rantse da Allah cewa ba za ta ƙara taɓa ɗan Adam a gidan ba, kuma ranar da uwarta ta cika za ta ɗauke ta ta bar ramin har abada. Ta rantse sau uku. Rasha ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce wa kakarta, "Habboba, ƙarfe nawa? An ba shi maganin yamma?"

Daudu ya ce ko da ɗaure shi aka yi ba zai shiga ɗakin ba. Hajja ta karɓi gudumarsa da doguwar ƙusa, ta naɗe kan gudumar da tsumma don kada ta yi ƙara, ta durƙusa a kusurwa. Kaɗan-kaɗan take bugawa, tana tsayawa duk sanda tsohon ya motsa. Da ƙusar ta ratsa katako, wata iska mai sanyi ta taso ta daki fuskarta. Ta ce, "Salamu alaikum," ta ja da baya.

Kwana biyar kwanon bai ƙara motsi ba. Maganin ya kama. Alhaji ya yi barci, ya sha kunu cokali uku, ya ga tattabaru ta taga. Ranar Talata bayan la'asar, yana kwance a damansa, Hajja ta faɗa masa kalmar shahada a kunne sau ɗaya. Ya maimaita da kansa, kowane harafi a fili, ya saurara kamar mai tabbatarwa, sannan ya tafi.

Ita ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa. Kafin ta gama, matan unguwa sun cika tsakar gida, an fara ɗaga murya, wasu sun doso ɗakin da kururuwa. Hajja Zahra'u ta fito ta tsaya a ƙofar nan mai faɗi, ta ware hannuwa ta tare ta.

"Mai kuka ta koma wajen murhu ta yi a hankali," ta ce. "Nawa ya huta. Akwai wadda tata, a can ƙasa, ba ta tafi ba tukuna."