Zoben Robar da Na Manta

Ina ɗaga gwangwanin maiko zan goge tebur na gan shi manne a gindinsa.

Ɗan zoben roba baƙi, bai kai ƙwayar wake ba, sabo fil.

Na zauna a kujerar Baba. Na san zoben nan. Ni na ciro shi daga leda jiya, kuma wurinsa ba teburinmu ba ne. Wurinsa cikin ɗan kan da ake murzawa a saita agogo, shi ke hana ruwa bi ta nan. Agogon kuwa yanzu haka yana ɗaure a hannun mutumin da nake so.

Ƙarfe goma zai shiga ruwa.

Na ɗaga kai. Agogon bango goma sha ɗaya ne a ɗakin aikinmu na gyaran agogo, duk bakinsu ɗaya, tara da kwata.

Kwaɗo nake ce masa don tsokana, saboda aikinsa nutso ne a madatsar ruwa. Yana sauka can ƙasa ya share cikin manyan bututai, inda ko tafin hannunka ba ka gani. Agogon ne idonsa. Shi ke gaya masa minti nawa ya yi a ƙasa da lokacin da zai juyo. Mai nutson da ya zarce lokacinsa, ko ya fito da rai ba lallai ya sake taka ƙafarsa ba.

Agogon na marigayi babansa ne, wanda shi ma ruwan nan ne ya ci shi. Haskensa ya mutu, robobinsa sun bushe. Da ƙyar mamarsa ta yarda a kawo wa Baba ya buɗe shi, ta kuma kafa sharaɗi.

"Tsohon kaɗai zai taɓa shi. Ban yarda yarinyar nan ta sa masa hannu ba."

Ni ce yarinyar nan. Tun farko ba ta ƙaunata, tana da 'yar ƙanwarta da ta ajiye masa. Abin da ba ta sani ba, babu kuma wanda ya sani, shi ne shekara guda ke nan hannun Baba na rawa. Shi ke karɓar aiki a ƙofa, ni ke yi a ciki.

Kwana uku na yi a kan agogon. Na kankare tsohon fentin da tsinke, na kwaɓa garin haske da gam, na ɗiga wa kowace lamba da allurai biyun da ke nuna lokaci, na kife kofi a kai don kada ƙura ta hau. Na canza babban zoben murfin baya. Na zaro tsohon zoben kan murzawa, ya marmashe a hantsakina, na shafa maiko zan sa sabon... sai na ji sallamarsa a ƙofa.

Wallahi muryar nan ce ta kwashe min hankali. Na murza kan na rufe, na tsoma agogon a bokiti rabin awa suna hira da Baba, na ciro shi a bushe ƙarau. Baba ya shanya shi a taga ya sha rana, suka shiga ɗakin ajiya suka ja ƙofa don su ga hasken. Ina jin sa yana cewa, "Baba, kamar ranar da aka sayo shi." Ni kuma ina bayan labule ina washe baki.

Na kira wayarsa, a kashe. Dama ofis suke barin wayoyi idan za su ruwa. Na kira ofis ɗin, duk da na san wadda za ta ɗauka. 'Yar ƙanwar mamarsa ce sakatariyar wurin.

"Don Allah ki aika a ce kada ya shiga ruwa."

"Wa ke magana?"

Ta san muryata sarai.

"Ni ce. Agogonsa... akwai matsala."

"Agogon da na ce ya ajiye, na sayo masa sabo ya ƙi ɗaurawa? Ko wancan watan ma haka kika kira kika ce gaggawa ce, ashe gaisuwa ce."

Gaskiya ta faɗa, na yi hakan. Yau ga shi ina girbar abin da na shuka.

"Wannan karon ransa ne, ki ji tsoron Allah..."

"Ni ba 'yar aiken budurwa ba ce."

Ta kashe.

Ban san Baba na tsaye a kaina ba sai da ya miƙo hannu. Na ɗora masa zoben a tafi, yana ta rawa a kai. Bai tambaye ni na wane agogo ba ne.

"Amma Baba na gwada shi a bokiti, ko ɗigo bai shiga ba."

"Maiko ne ya tare. A zurfin bokiti maiko ya isa. A zurfin da yake zuwa, ruwa zai ture shi ya shige." Ya ajiye zoben. "Tashi ki tafi. Idan aka tambaya ki ce ni ne. Tsoho ya manta, ba wanda zai yi mamaki."

"Idan na ce kai ne, wa zai sake kawo maka aiki?"

"In kika ce ke ce kuma, kin san matar nan ba za ta ba ki ɗanta ba. 'Yata, tashi, lokaci kike ci."

Na figi mayafi na fita, takalmina ma wari da wari ne.

Mai babur ɗin da na tara ya yi iya yinsa, amma hanyar madatsa rabin awa ce ko da me kake tafe. Ina bayansa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Idan na yi shiru ruwa zai ɗauke min shi, idan na yi magana mamarsa za ta ɗauke shi. Amma wanda mamarsa ta ɗauke ai yana numfashi.

Goma saura biyar na isa ƙofar. Mai gadi ya tare ni da sanda.

"Ba takarda, ba shiga."

Na roƙe shi, na yi kuka, na nuna masa zoben. Ya dubi abin ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Ya ce bari ya kira ofis, ya kira, sakatariya ta ce ba ta san da zuwana ba. Kafin mu gama goma ta wuce da minti goma.

Mutum ɗaya ce mai gadin nan ba zai iya tarewa ba, mamar Kwaɗo, kuma gidanta na nan cikin gidajen ma'aikata, bayan katanga.

Na same ta tana shanya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmana.

"Lafiya?"

"Mama, ina kwana... agogon..."

"Me ya sami agogon?"

Maganar Baba na kan harshena. Kalma uku ce kawai, Baba ya manta. Na buɗe baki, sai na ga hannunsa yana rawa da zoben a kai.

"Ni na gyara shi, Mama. Ba Baba ba. Hannunsa ya daina aiki tun bara, ni ke yi. Na manta ban sa wannan ba. Ruwa zai shiga, agogon zai tsaya, shi kuma ba zai sani ba."

Na runtse ido ina jiran mari.

Ƙarar faɗuwar bokitin wanki kawai na ji. Ina buɗe ido ta riga ta kai ƙofa.

"Za ki tsaya nan ne ko za ki biyo ni?"

Ban taɓa sanin mace mai shekarunta na iya gudu haka ba. Mai gadi na ganinta ya wangale ƙofa. Muka bi ta kan katangar madatsa har dandamalin ƙarfe inda shugaban aiki ke tsaye da wani mai riƙe da igiya. Igiyar ta yi laƙwas a ruwa.

"Ja masa ya fito," in ji Mama.

"Ya kwance ta, Mama, ya shiga bututu. Idan ya shiga da ita sarƙewa take yi." Shugaban ya duba nasa agogon. "Minti ashirin da bakwai ya yi. Shi da kansa zai juyo a talatin, yana da agogo."

"Ba shi da agogo."

Ba ta tsaya yi masa bayani ba. Ta sunkuya ta ɗauki guduma, ta nufi tsanin ƙarfen da ya nutse cikin ruwa, ta fara dukansa. Huɗu, ta dakata. Huɗu, ta dakata. Matar mai nutso ce, ta san kiran da ake yi musu.

Shugaban ya matso kusa da ni, fuskarsa ta canza.

"Idan ya yi nisa a ciki, ko guduma ba ya ji."

Da bai faɗa min ba.

Mama ta yi ta duka har hannunta ya gaji, na karɓa. Huɗu... huɗu... Tafina ya fashe ban ji ba. Ina duka ina kiran sunansa a zuci, ina cewa ka ji ni, masoyina, ko ba za ka ƙara kallona ba ka dai ji ni.

Sai igiyar ta motsa.

"Ya ɗaura," in ji mai igiya. "Yana hawowa."

Ba a fitowa daga zurfi kai tsaye, sai an dakata a hanya. Tunda ba shi da abin duba lokaci, da igiya suka tsayar da shi, shugaban na ƙirga masa minti biyar. Ina ganin kumfarsa na fashewa a saman ruwa, shi kuma ban gan shi ba. A rayuwata ban taɓa ganin minti biyar mai tsawon waɗannan ba.

Kansa ya ɓullo. Aka ja shi, aka cire masa tulun iska. Ya zare abin fuska ya gan mu mu biyu, ya yi turus.

"Mama? Zuciyata? Me ya faru? Minti tara fa kawai na yi."

Ya ɗaga hannu zai nuna mana, sai idonsa ya sauka kan agogon. Ruwa ya kai rabin gilashin. Alluran sun tsaya a goma da minti tara.

"Sau uku ina dubawa," ya faɗa a hankali. "Hasken tar, kamar fitila. Ina ta cewa yau aiki na gudu, bari in ƙarasa har can ƙarshen bututun."

Nan na durƙushe na fashe da kuka.

"Ni ce... ni na gyara, ni na manta. Na yi maka ƙarya, na kusa kashe ka."

Ya tsuguna a gabana, ruwa na zuba daga jikinsa.

"Ƙaryar kam na daɗe da ganowa. Baba kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa, ke kuma kullum farcenki da maiko. Ina jira ne ki faɗa da bakinki." Ya yi ɗan murmushi. "Ki daina kuka, ga ni. Kwaɗo ai ba ya mutuwa a ruwa."

"Rufe min baki," in ji Mama. "Ubanka ma haka yake cewa."

Daidai nan sakatariya ta iso tana haki.

"Mama, ai na faɗa miki yarinyar nan ba..."

"Ta kira ofis?"

Sakatariya ta kawar da kai.

"Na ce ta kira?"

"Na ɗauka irin kiran da ta saba ne."

"Koma bakin aikinki. Za mu yi magana a gida."

Mama ta kwance agogon daga hannun ɗanta da kanta. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke cikinsa, tana shafa gilashin da babban yatsa. Na san shi ke nan, tawa ta ƙare. Na miƙe ina gyara mayafi zan tafi.

"Ina za ki?"

Na tsaya.

"Ranar da babansa ya shiga bai fito ba," ta ce, ba ta kalle ni ba, "akwai wanda ya san bututun iskarsa ya tsage tun da safe. Ya yi shiru don kada a kore shi daga aiki. Sai bayan shekara biyu ya zo ƙofata yana kuka. Me kukan ya yi min?"

Ta kamo hannuna, wanda guduma ta fasa, ta juya shi ta duba. Sannan ta ɗora min agogon a kai.

"Ruwa na ciki yana cin ƙarfe. Ki je ki buɗe shi yanzu, kafin ya yi tsatsa. Idan za ki rufe, a gabana za ki rufe, ina ƙirga robobin."

"To, Mama."

"Agogon mijina ban yafe miki ba sai ya tashi." Ta share ido da bakin mayafi. "Ɗan kuwa na ba ki. Ki ce wa babanki kawunnansa na nan zuwa ranar Asabar."