Takardar Lamba Bakwai

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya ci harsashi!"

Rana tsaka ce, a rumbun magunguna. Sitiyari, direban 'yan fashin, yana cikin mota, inji na kunne, ƙafarsa a kan totur. Ta madubi yake kallon komai. Abokansa biyu, fuska a rufe, suna jido kwalayen ƙwaya. Kunama, ogansu, shi ma fuska a rufe, ya tsaya a kan maigadi, wani tsoho da ya riga ya miƙo makulli da hannu biyu.

"Ɗana, ga shi, don Allah..."

Tau! Tsoho ya kife.

"Ja mu!" Kunama ya faɗo kujerar gaba, inda yake zama kullum. "Taka ta, malam!"

Sitiyari ya taka. Amma kwana uku abinci ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Sata ya sani, kisan wanda ya miƙa wuya kuwa bai taɓa gani ba. Ga matarsa da tsohon ciki. A rana ta huɗu ya lallaɓa ya sami wani sufeton 'yan sanda a bayan wani gidan mai.

"Kayan suna garejinmu, lamba bakwai. Amma Yallaɓai, in Kunama ya san ni ne, gawata ma ba za a gani ba."

"Kwantar da hankalinka. Tare da su zan kama ka, ba mai zarginka."

Sufeto ya je gaban alƙali ya yi rantsuwa, aka ba shi takardar izinin bincike: gareji, lamba bakwai.

Shi kuwa Kunama ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Da safiyar ranar samamen ya aiki sauran biyun sayen taya, ya ja Sitiyari gefe.

"Jikina na ba ni wani abu. Kwashe kayan nan, mu kai shagon walda na lamba tara, na kama haya. Ni da kai kaɗai. Kai ne ɗan'uwana a harkar nan."

Suka kwashe tas. Sitiyari ya shige banɗaki, ya kira Sufeto, murya ƙasa-ƙasa.

"An mai da su lamba tara. Don girman Allah kada ka nufi can kai tsaye. Mu biyu kawai muka sani!"

"Bar min aikina," in ji Sufeto, ya kashe waya.

Ya kamata ya koma wurin alƙali a gyara takarda. Tafiyar minti ashirin ce. Amma mutumin ya riga ya hango ƙarin girma a kafaɗarsa, kuma sauri kan haifi nawa.

Jiniya! Ƙarar birki! Motoci uku suka wuce lamba bakwai ko kallonta ba su yi ba. Guduma ɗaya aka yi wa kwaɗon lamba tara, sai ga kwalaye jibge. Sauran biyun sun riga sun dawo daga sayen taya, aka tattara su huɗun da ankwa.

Ranar shari'a, ƙwayar ce kaɗai hujja. Maigadi ya mutu, ba wanda ya ga fuska, ba a sami bindiga ba. Lauyan Kunama ya miƙe yana kaɗa takardar a hankali.

"Sufeto, karanta mana lambar da ke nan."

"Bakwai."

"A ina ka samo kayan?"

"Lamba tara."

"Ka shiga lamba bakwai kuwa, ko da leƙe?"

Sufeto ya share gumi. "A'a."

"To wa ya ce maka ka zarce tara?"

"Majiya ce ta sirri."

Kunama, da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Sitiyari, ya juyo a hankali ya dube shi. Ya yi masa murmushi.

Alƙali ya cire tabarau, ransa a ɓace. "Na ba da izinin ƙofa ɗaya, aka fasa wata. Abin da aka ɗebo ta haka, kotun nan ba za ta karɓa ba. Ba hujja, ba shari'a. An sallame ku."

A bakin matakala Sitiyari ya cafko hannun rigar Sufeto.

"Yallaɓai, ka mai da ni ciki! Ka rufe ni, ko shekara goma ne!"

Sufeto ya kasa haɗa ido da shi. "Da wace takardar zan riƙe ka?"

Matar Sitiyari ta taho da jaririn da bai taɓa ɗauka ba, tana dariya tana hawaye. "Allah ya wanke ka, Baban yaro! Mu je gida."

Ya karɓi ɗan, ya sunsuni kansa, ya daɗe. Sai ƙarar makullin mota a ƙasa, dab da ƙafarsa. Kunama ne ya jefo.

"Ɗan'uwa, zo ka ja mu. Ba nisa."

Sauran biyun sun riga sun tsaya hagu da dama da matar, hannuwa a aljihu. Sitiyari ya miƙa mata jaririn.

"Wuce gidan Mama. Kada ki jira ni da abinci."

Ya shiga, ya tada mota. Kujerar gaba ba kowa. Yau, karo na farko a shekara shida, Kunama a bayansa ya zauna.